Wa Ya Gina Rijiyar da Ka ke Sha?

 In akwai wanda bai iya karatu ba, ka kira shi ya zauna, ka karanta da ƙarfi, gama maganar nan ta shafe mu duka, maza da mata.

Bara, bayan sujadar godiya ta kaka, mu dattawan ikkilisiya muka zauna domin mu raba baikon da aka tara. Damman hatsi ne, da wake, da gujiya, da 'yan kuɗi kaɗan. Sai fasto ya fito da wata wasiƙa. Wata ɗiyar ikkilisiyarmu ce ta aiko ta, wadda ta ke karatun aikin lokotoro a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Karatunta ya kusa ƙarewa, amma ba za a ba ta takardar shaida ba sai ta yi bincike, ta rubuta littafi a kansa. Ta zaɓi ta zaga ƙauyukanmu da damina, ta ƙidaya yaran da masassara ta kama, ta san kwana nawa su kan yi a gida kafin a kai su likita, da abin da ya ke hana iyaye kai su da wuri. Tana bukatar kuɗin mota, da man babur, da takardu, da ɗan abin da za ta ba mai raka ta. Ubanta manomi ne kamarmu, ba shi da su.

Wani dattijo, abokina tun muna lakkwal ta mishan, ya gyara zama ya ce, "Ɗakin gwauruwar nan ya faɗi da damina. Wane kuma yana kwance, ana so a kai shi asibitin Galmi a yi masa aiki, ba kuɗi. Ku kuma kuna so mu ɗebi hatsin Allah mu bayar domin a yi ƙidaya a rubuta a takarda? Takarda ta taɓa warkar da wani?"

Muka yi shiru. Ran nan ba mu yanke magana ba. Na koma gida na yi ta juya tambayarsa, na yi addu'a, na kuma tambayi waɗanda suka fi ni sani. Abin da na samu shi na ke so in ajiye gabanka, gama wata rana irin wannan roƙo zai iso ikkilisiyarku, ko ƙofar gidanka.

Maganar abokina tana da nauyi

Kada ka yi saurin cewa ya yi kuskure. Maganar Allah ba ta wasa da mabukacin da ke gabanka. Manzo Yakubu ya tsauta wa mutumin da ya ga ɗan'uwa cikin yunwa da tsiraici, ya sallame shi da fatar baki kawai (Yakubu 2:15-16). Bulus kuma ya yi magana mai zafi a kan wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa (1 Timoti 5:8). Saboda haka ba wanda zai ce maka ka tsallake mara lafiya a ƙofarka ka aika da kuɗi jami'a. Wanda ya yi haka ya yi zunubi.

Amma ga tambayar da ta rage. Bayan mabukacin da ka ke gani da idonka, akwai wani maƙwabci da ya ke da hakki a kanka, wanda ba ka gani, watakila ma ba a haife shi ba tukuna? In akwai shi, ta wace hanya za ka taimake shi?

Mene ne bincike?

Kai manomi ne, ka san bincike ko da ba ka kira shi da wannan suna ba. In aka kawo maka sabon irin hatsi aka ce ya fi saurin nuna, ba ka kan shuka gonarka duka da shi ba. Ka kan shuka shi a gefe ɗaya, tsohon iri a gefe ɗaya. Da kaka sai ka ƙidaya damma, ka gwada. Daga nan ka san gaskiya, maƙwabtanka su ma su koya daga wurinka.

Annabi Daniyel ma ya yi haka a Babila. Da ya ƙi abincin sarki, ya roƙi wakilin ya gwada shi da abokansa kwana goma da ganyaye da ruwa, sa'an nan a dubi jikinsu, a dubi na samarin da ke cin abincin sarki, a yi hukunci bisa ga abin da aka gani (Daniyel 1:11-16). Mutumin Allah ne, amma bai ji tsoron a gwada a gani ba.

Aikin da malaman jami'a da almajiransu su ke yi a kan ciwace-ciwace ke nan. Su kan tambaya: me ya ke kawo wannan ciwo? Ta ina ya ke bi? Wa ya fi kamawa, a wane wata? Wane magani ya fi? Su ƙidaya, su gwada, su rubuta domin na baya. Aikin yana cin kuɗi, gama akwai madubin ganin ƙwayoyin cuta, da awon jini, da tafiye-tafiye, da abincin ma'aikata na shekaru. Gwamnatoci suna ba da wani kashi. Wani kashi mai yawa kuwa daga masu bayarwa ya ke fitowa, mawadata da talakawa.

Rijiyoyi uku da muka sha

Ka tuna ciwon shan-inna? Kakanninmu sun ce aljana Inna ce ta ke shanye ƙafar yaro. Ƙwayar cuta ce, tana shiga ta baki, ta ruwa ko abinci mara tsabta. A Amurka ma ta gurgunta yara dubbai. Shugaban ƙasarsu Roosevelt, wanda shi kansa ƙafafunsa sun shanye, ya kafa wata ƙungiya a 1938 domin yaƙi da ciwon. Aka roƙi kowa ya aiko da ɗan ƙaramin tsabar kuɗi, kashi ɗaya cikin goma na dalar Amurka. Yara 'yan makaranta suka aika, mata suka bi gida gida suna tarawa. Da wannan kuɗi aka riƙe wani malami, Jonas Salk, a Jami'ar Pittsburgh. A 1954 aka yi gwajin allurarsa, yara wajen miliyan 1 da dubu 800 suka shiga. Ran 12 ga Afrilu 1955 aka sanar allurar tana aiki. Ƙungiyar nan ta kuma taimaki wani malamin, Albert Sabin, wanda ya yi maganin da a ke ɗigawa a baki. Irin ɗigon nan ne aka yi ta zuba wa 'ya'yanka a ƙofar gida. A watan Agusta 2020 aka shaida cewa asalin ƙwayar, wadda a ke kira ta daji, ta ƙare a Afirka, ko da ya ke ana ci gaba da rigakafi domin tsaro. Matar da ta ba da ɗan tsabar kuɗinta a 1938 ba ta taɓa jin sunan garinku ba. Ga shi ɗanka yana gudu da ƙafafunsa biyu.

Rijiya ta biyu ita ce ƙunshin garin gishiri da sukari da a ke damawa cikin litar ruwa mai tsabta, a ba yaro mai zawo. A 1960 wani malamin jami'a a Amurka, Robert Crane, wanda ya daɗe yana nazarin hanjin ƙananan dabbobi, ya bayyana cewa sukari da gishiri tare su ke ƙetare bangon hanji su shiga jiki. Da abokina ya gan shi a lokacin, da ya ce, "Wannan ɓata kuɗi ne." Amma inda gishiri ya shiga, ruwa ya kan bi shi. A 1968 waɗansu samarin lokotoro biyu, David Nalin da Richard Cash, waɗanda ba su kai shekara 30 ba, suka gwada ruwan gishiri da sukari a kan masu ciwon amai da zawo a ƙasar da a ke kira Bangladesh yanzu. A 1971, cikin sansanin 'yan gudun yaƙi, ruwan da a ke sa wa mutum ta jijiya ya kasa. Wani lokotoro na Indiya, Dilip Mahalanabis, ya sa dangin marasa lafiya su riƙa ba su wannan haɗi da kofi. A dā wajen mutum 30 cikin 100 ke mutuwa. Sai ya koma ƙasa da 4 cikin 100. Ke uwargida, sau nawa ruwan nan ya maido miki da yaro wanda idonsa ya riga ya faɗa?

Ta uku ita ce ta fi taɓa zuciyata. A 1995 sanƙarau ya shigo ƙasarmu da ƙarfi. Ƙanwata ta tashi da ciwon kai da safe, da yamma wuyanta ya ƙage, kashegari muka binne ta. Ba gidanmu kaɗai ba ne. A 1996 ciwon ya kama mutum wajen 250,000 a ƙasashen Afirka, ya kashe wajen 25,000. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka soma neman sabuwar allura, da kuɗin da gidauniyar Bill Gates da matarsa ta bayar. Aka gwada ta a Mali, da Gambiya, da waɗansu ƙasashe, aka yi ta a Indiya da araha, kowace ɗaya ba ta kai rabin dalar Amurka ba. A watan Disamba 2010 aka soma babban rigakafi a Burkina Faso, da Mali, da Nijar, daga mai shekara 1 zuwa mai shekara 29. Irin sanƙarau ɗin nan, wanda a ke kira A, ya kusan ɓacewa. Amma a 2015 wani iri dabam, mai suna C, ya tashi a Yamai da Doso. Masu awo a cibiyar bincike ta CERMES a Yamai suna cikin waɗanda ke duba ruwan ƙashin baya na marasa lafiya, su faɗi ko wane iri ne, domin a san allurar da za a nemo. Ka ga aikin bai ƙare ba.

To, takarda ta taɓa warkar da wani? Takarda kaɗai ba ta warkarwa. Amma allurar da ke hannun ma'aikacin likita daga takarda ta fito, takardar kuwa daga ƙidaya da gwaji, ƙidaya da gwaji kuma daga aljihun wani.

Don me sai an zo ƙauye?

Watakila ka ce, "To, su yi bincikensu can cikin manyan birane, su aiko mana da magani." Ba ya yiwuwa, gama ciwo a ƙauye ya ke zaune, can ne kuma za a san halinsa.

Dubi kurkunu. Mu da muka girma da shi mun san yadda ya kan kwantar da magidanci daidai lokacin noma. Har yau ba shi da allura, ba shi da ƙwayar magani. Da sani aka yi yaƙi da shi. Tun wajen 1870 wani mai bincike ɗan Rasha ya gano 'ya'yan tsutsar suna zaune cikin waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu na ruwan tabki. Amma sanin nan ya daɗe cikin littafi bai amfane mu ba, sai da aka sami masu shiga ƙauye ƙauye, suna rubuta gari kaza mutum kaza, tabki kaza, suna koya wa mata tace ruwa da ƙyalle, suna hana mai kurkunu sa ƙafa cikin tabki. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ke fama da shi a duniya. A 2013 aka shaida Nijar da Nijeriya sun rabu da shi. A 2024 mutum 15 kaɗai aka samu a duniya duka. Yaran yanzu sai dai su ga tabon a ƙafar kakansu.

Ga wani misali a ƙofarmu. Akwai maganin rigakafin wani mugun zawo na jarirai, amma dole a ajiye shi cikin sanyi, ƙauyukanmu kuwa ba lantarki. Aka yi wani sabo a Indiya mai jimre zafi. Wa zai san ko yana aiki a jikin 'ya'yanmu? A 2014 aka soma gwada shi a ƙasar Madarumfa, cikin jihar Maradi. Ma'aikatar lafiya ta ƙasarmu, da ƙungiyar lokotoro ta MSF, da masu bincike, har da wata malama ta Jami'ar Harvard, suka haɗa hannu. Uwaye fiye da 3,000 suka yarda aka sa jariransu, ma'aikata suka yi ta bin su gida gida. A 2017 aka buga sakamakon: maganin ya hana wajen kashi 2 cikin 3 na mugun zawon. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Yau akwai jarirai a ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba da su ke shan ruwan rijiyar da matan Madarumfa suka taya ginawa.

Akwai kuma amfani na biyu. Almajirin da ya kwana a ƙauye, ya ga yadda korama ta kan yanke hanya da damina, ya ga uwa tana jiran mijinta ya komo daga ci-rani kafin ta sami izni da kuɗin amalanke, in ya zama lokotoro ba zai daka wa matarka tsawa ya ce, "Don me ba ki zo da wuri ba?" Ya riga ya san dalili. Yanzu ana koyar da aikin lokotoro a Yamai, da Maradi, da Damagaram. 'Ya'yanmu ne, suna jin harshenmu. In ba mu taimake su suka san ƙauye ba, wa zai yi?

Me Maganar Allah ta ce?

Ka karanta Farawa sura 41. Da Allah ya nuna wa Yusufu yunwa tana zuwa, Yusufu ya karɓi kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona har shekara bakwai, ya zuba a rumbuna. Lalle a shekarun nan akwai matalauta a Masar, wani ma zai iya cewa, "Ga mai jin yunwa yau, kai kuwa kana tarawa domin gobe." Amma tanadin nan ne ya ceci Masar, har da gidan ubansa. Ƙauna tana da ido biyu, ɗaya yana duban yau, ɗaya yana duban gobe.

Ka tuna Basamariyen nan mai tausayi. Ya ɗaure raunukan da hannunsa, amma bai iya zama har mutumin ya warke ba. Sai ya ba mai masauki kuɗi domin ya ci gaba da jiyya (Luka 10:33-35). Abin da hannunka bai iya yi ba, kuɗinka ya iya sa hannun wani ya yi.

Wani zai ce, "Ashe, ba Allah ne mai warkarwa ba? Neman magani ba rashin bangaskiya ba ne?" Allah ne mai warkarwa, ba shakka. Shi ne kuma mai ba da ruwan sama, amma ba ka taɓa barin hauya a ɗaki saboda haka ba. Wanda ya halicci hanjin mutum, ya sa gishiri da sukari su bi hanya ɗaya, shi ne ya ba mutum hankalin gano wannan. Luka da ya rubuta mana Bishara mai aikin magani ne, Bulus kuma ya kira shi ƙaunatacce (Kolosiyawa 4:14). Masu bishara da suka zo ƙasarmu sun buɗe asibitin Galmi a 1950, suka kuma yi jiyyar kutare a Danja. Sun yi addu'a, sun kuma ba da magani. A 1981, da masu bincike suka nuna haɗa magunguna ya fi warkar da kuturta, ba wanda ya ce wannan ya rage ikon Allah. Godiya aka yi.

Wani kuma zai ce, "In binciken bai haifi kome ba fa?" Gaskiya ne, da yawa ba su kan kai ga magani ba. Waɗansu kuma su kan daɗe ƙwarai. Allurar rigakafin masassarar cizon sauro an soma aikinta a 1987, sai a 2021 aka amince da ita, a 2024 kuma Nijar ta soma yi wa yara. Shekara fiye da 30 ke nan. Amma kai da ka ke yin binne, ka kan zuba iri cikin busasshiyar ƙasa tun hadari bai taso ba. Wata shekara ya tsiro, wata shekara ya ƙone, ba ka kuwa daina ba. Mai Hadishi ya gargaɗe mu mu yi shuka da safe, mu yi da yamma, da ya ke ba mu san wadda za ta yi albarka ba (Mai Hadishi 11:6). Ko gwajin da ya kāsa ma yana da amfani, gama ya nuna wa na baya hanyar da ba ta ɓullewa.

Ka bayar, amma da ido buɗe

Ba duk mai riƙe da takarda da alƙalami ne mai gaskiya ba. Dole in gaya maka wannan ma. A 1996, lokacin sanƙarau a Kano, wani kamfanin magani na Amurka ya yi gwajin sabon magani da yara wajen 200. Yara 11 suka mutu cikin waɗanda aka sa a gwajin. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya musa laifi, amma bayan doguwar shari'a, a 2009 ya yarda ya biya kuɗi. Abin ya ɓata amincin mutane, har yana cikin dalilan da suka sa waɗansu suka ƙi ɗigon shan-inna daga baya, yara kuwa suka gurgunce a banza.

Saboda haka in mai bincike ya zo, ko mai neman taimako domin bincike, ka karɓe shi da ladabi, ka kuma tambaye shi. Daga wace jami'a ka fito, wane ne malaminka? Ina takardar izni ta hukumar lafiya? Maigari da shugaban likitarmu sun san da zuwanka? Me za ka yi da amsoshinmu, za ka ɓoye sunayenmu? In magani ne za a gwada, wace illa zai iya yi, wa zai yi jiyyar wanda ya cutu? Za ka komo ka gaya mana abin da ka samu? Mai gaskiya ba ya fushi da waɗannan tambayoyi. Ka sani kuma kana da iko ka ce a'a, ba kuwa wanda zai hana ka magani a likita saboda ka ƙi.

Game da kuɗi, mu bi gurbin Bulus. Da ya tara gudummawa domin 'yan'uwa na Urushalima, bai riƙe ta shi kaɗai ba, ya tafi da mutanen da ikkilisiyoyi suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:18-21). Ku ma ku ba da ta hannun ma'ajin ikkilisiya, gaban shaidu biyu, a rubuta, wanda ya karɓa kuma ya komo da lissafi.

Me talaka zai bayar?

Ga yadda na ga ya kamata a jera. Da fari, abincin gidanka da lafiyar 'ya'yanka. Kada ka ci bashi domin ka bayar, kada ka taɓa irin shuka. Bulus ya ce Allah yana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum ya ke da shi, ba a kuma nufin waɗansu su huta ku ku sha wuya ba (2 Korantiyawa 8:12-13). Na biyu, mabukacin da ke kusa da kai. Na uku, kada ka bar wannan kashi ya zama wofi, ko da tiya ɗaya ce ta hatsi, ko dala ashirin. Da yayyafi kogi kan cika. Ubangiji ya zauna yana duban masu zuba baiko a Haikali, wadda ya yaba kuwa gwauruwa ce mai 'yan anini biyu (Markus 12:41-44).

Akwai kuma abin da ka ke da shi wanda mai kuɗi na birni ba shi da shi. Kana da ɗakin baƙo. Kana da fura da tuwo. Kana da amalanke, ɗanka kuma ya san hanyar kowace ruga. Mafi girma duka, kana da gaskiya. In almajiri ya tambaye ka yara nawa suka rasu a gidanka, ko ka fara zuwa wurin mai maganin gargajiya kafin likita, ka faɗi yadda abin ya ke, ko da akwai kunya, ko da akwai zafi. Kada ka ƙara domin kana tsammani za a raba kaya, kada ka rage. Amsar ƙarya kamar mushe ce cikin rijiya, duk wanda ya sha daga baya zai cutu.

Abin da muka yi

Da muka sāke zama, na faɗi waɗannan abubuwa. Muka ba mara lafiyan nan kashi mafi girma, aka kai shi Galmi. Samari suka yi gayya suka tā da ɗakin gwauruwa. Abin da ya rage muka sayar, muka aika wa ɗiyarmu, ko da ya ke bai kai abin da ta roƙa ba. Matan zumunta suka ɗauki abincinta, gida uku suka ba ta masauki bi da bi. Abokina bai ce ya yarda da maganata duka ba. Amma da damina ta zo, ɗansa ne ya yi ta kai ta ƙauyuka a kan babur, shi ya kuma zuba mai na fari. Da ta gama, ta zauna da mata a gindin bedi, ta gaya musu abin da ta gani, ta koya musu alamun da in yaro mai masassara ya nuna, kamar jijjiga, ko ƙin nono, ko barcin da ba a iya tashe shi, kada a jira gari ya waye. Littafinta yana hannun malamanta. Abin da Allah zai yi da shi, nasa ne.

Kai fa, ɗan'uwa?

A Yahaya sura 4, Yesu ya zauna a bakin wata rijiya a Samariya. Matar da ta zo ɗiban ruwa ta san Yakubu ne ya bar musu ita, shekaru ɗaruruwa kafin a haife ta. A wurin nan ne Ubangiji ya gaya wa almajiransa cewa wani ya kan shuka, wani ya girbe, su kuma sun shiga cikin wahalar waɗansu. A wurin nan ne kuma ya yi maganar ruwan rai. Wannan ita ce rijiyar da ba wani ɗan adam da ya iya ginawa. Tun ba a haife mu ba, tun muna masu zunubi, Almasihu ya mutu dominmu, ya tashi. Allura tana tsawaita kwana, amma ba ta kawar da zunubi, ba ta hana kabari. Baikonka ma ba ya sayen ceto. In ba ka sha wannan ruwa ba tukuna, ka zo wurin Yesu yau, kyauta ne. In kuwa ka riga ka sha, to, wanda aka yi wa alheri tun bai sani ba, bai kamata ya ce sai wanda ya gani da ido zai taimaka ba.

Yau da dare, bayan tuwo, ka tara iyalinka. Ku dubi tabon allura a damtsen yara, ku ƙidaya ciwace-ciwacen da kakanninku suka sha waɗanda ku ba ku sha ba. Ku gode wa Allah. Sa'an nan ku shawarta abin da gidanku zai keɓe da kaka mai zuwa.

Addu'a: Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin waɗanda suka yi wahala muka ci amfani, ko da ba mu san sunayensu ba. Ka ba masu bincike hikima da tsoronka, ka tsare su daga ƙarya da son kuɗi. Ka kiyaye 'ya'yanmu da ke karatu. Ka buɗe hannunmu ga mabukacin da mu ke gani, da wanda ba za mu gani ba. Cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.